Tseren Martinsville: dukan bayan motar abokin takara gwaninta ce ko cin zali?

Ɗan_Maraɗi_Greensboro
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wata magana da ta tsaya mini a rai tun ƙarshen watan Maris, kuma na san a zauren nan akwai waɗanda suka fi ni sanin tseren motoci na NASCAR. Shekarata tara a Greensboro da ke jihar Carolina ta Arewa, tsakaninmu da filin tseren Martinsville na jihar Virginia tafiyar kusan awa ɗaya ce a kan hanya mai lamba 220, amma ban taɓa leƙawa ba sai a 2025 da wani abokin aikina Ba'amurke ya matsa mini. Mun je ranar Asabar 29 ga Maris 2025, wadda ta zo daidai da ranar ƙarshe ta azuminmu, muka kuma koma ranar Lahadi bayan na sauko daga Idi.

Filin ƙarami ne ƙwarai. Zagaye ɗaya mita 846 ne, miƙaƙƙun hanyoyi biyu da kwanoni biyu masu matsi a kowane ƙarshe, siffarsa kamar ɗan ƙarfen nan na maƙale takardu a ofis. Daga inda na zauna ina ganin kowace mota a kowane lokaci. Ƙarar injina kuwa a ƙirji ake jin ta kafin kunne, kuma farar shaddar da na je Idi da ita ta dawo gida da baƙin ɗigo-ɗigo na ƙurar taya da ta birki.

Abin da ya dame ni shi ne tseren ranar Asabar, na rukuni na biyu da a lokacin ake kira Xfinity. A zagayen ƙarshe Taylor Gray ne a gaba, sai Sammy Smith ya taho a guje ya ɗirka wa bayan motarsa duka a bakin kwana ta uku. Dukansu suka rasa, motoci suka cakuɗe, Austin Hill ya sulale ta ciki ya ci tseren. Bayan 'yan kwanaki hukumar NASCAR ta zare wa Smith maki 50, ta ci shi tarar dala 25,000. Washegari kuma, a tseren babban rukuni, Denny Hamlin ya jagoranci zagaye 274 daga cikin 400 ya yi nasara ba tare da irin wannan ɗanyen aiki ba. Abokina ya ce mini taɓa bayan mota al'ada ce a gajerun filaye, Smith dai ya wuce gona da iri ne. Ni a ganina duk wanda ya daki motar wani da gangan ya ci zalinsa, ko dukan ƙarami ne ko babba. Ina neman a fahimtar da ni inda iyakar take, idan har akwai ta.

Abba_F1
Wa alaikumus salam. Yaya, ina bayanka ɗari bisa ɗari. A gasar Formula 1 da nake bi, direban da ya yi haka hukunci zai sha nan take, domin ma'anar tsere ita ce ka wuce mutum da saurinka da dabararka. Wanda ya kasa wucewa sai da ture abokin takararsa ya amsa da kansa cewa an fi shi.

Injiniya_Sadiya
Malam Abba, kwatanta motocin nan biyu ba zai kai mu ga amsa ba. Tayoyin motar Formula 1 a waje suke, taɓawa kaɗan tana iya ɗaga mota sama ko ta karya ƙafarta. Motar NASCAR a rufe take, tana da bamba gaba da baya, nauyinta ya kai tan ɗaya da rabi, kuma an ƙera ta ne da sanin cewa za a yi gogayya.

Sai kuma yanayin filin kansa. Karkatar kwanonin Martinsville digiri 12 ce kacal, kusan a shimfiɗe suke. Saboda haka layi ɗaya ne mai sauri, wato na can ƙasa dab da shingen ciki. Wanda ya kama wannan layin, ko da motarsa ta fi taka rauni, zai iya tsare ka zagaye talatin idan bai yi kuskure ba, domin in ka bi ta waje ka ƙara wa kanka nisa kuma tayarka ba ta samun riƙo. Daga nan ne dabarar ta samo asali: direban baya yana sa hancin motarsa ya ɗan zunguri na gaba a tsakiyar kwana, na gaban ya zame sama da faɗin mota ɗaya, shi kuma ya shige ta ƙasa. Wanda aka zungura yana rasa matsayi ɗaya ko biyu, motarsa lafiya lau, kuma yana da damar ramawa a kwana ta gaba. Abin da Smith ya yi daban ne, domin ya shiga kwanar da saurin da shi kansa ba zai iya shan ta ba in da babu motar Gray a gabansa. Ni nan nake ganin iyakar take: shin da za ka iya shan kwanar da kanka, ko motar mutum ka mayar birkinka?

Bakanike_Ƙofar_Ruwa
Hajiya Sadiya ta faɗi gaskiya, kuma ina so in ƙara daga ɓangaren sana'ata. Shekara ashirin da biyu ina gyaran birki da ƙafar mota a Kano, kuma abin da ya fara jan hankalina ga Martinsville shi ne hoton da suke nunawa na faifan birki ya yi jawur kamar ƙarfe a maƙera. Ku lissafa: sau biyu ake taka birki da ƙarfi a kowane zagaye, daga kusan mil 120 a awa zuwa kusan rabin haka. A tseren zagaye 500 taka birki dubu ke nan cikin awa uku da wani abu. Idan direba ya cika wuta da wuri, man birki yana tafasa, feda ta yi laushi, zafin kuma yana ratsa wili har ya narkar da bakin taya ta fashe.

Dalilin kawo wannan shi ne, daga kan kujerar kallo ba kowane duka ne za ka iya rantsewa na ganganci ne ba. Mutumin da ya ci birkinsa tun zagaye na 300, idan ya zo na 480 ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse, zai shiga bayan na gabansa ko yana so ko ba ya so. Ban ce haka ta faru da Smith ba, na kalli bidiyon sau da yawa kuma a fili yake bai yi niyyar rage gudu ba. Amma doka mai cewa duk taɓawa laifi ce ba za ta yi aiki a filin da motoci kusan arba'in ke cunkushe cikin ƙasa da kilomita ɗaya ba.

Musa_Tudun_Wada
Ku gafarce ni, ni sabon shiga ne. Na ɗauka motocin nan irin na kasuwa ne da kowa zai iya saya, tunda ina ganin an rubuta Camry da Mustang a gabansu. Kuma ɗan'uwa daga Greensboro ya ce zagaye 400, Malam bakanike ya ce 500. Wanne ne daidai?

Injiniya_Sadiya
Duka biyun daidai ne, Malam Musa. Sau biyu ake zuwa Martinsville a shekara. Tseren bazara zagaye 400 ne a 'yan shekarun nan, na kaka kuma 500, wato kimanin kilomita 423. Game da motocin, a 1949 da aka fara wannan gasa lallai motocin kasuwa ne ake shiga da su. Yanzu suna da siffar fuska kawai suka rage. A ciki ƙashin bututun ƙarfe ne, da inji mai silinda takwas wanda a 2025 ƙarfinsa doki 670 ne, babu ƙofa ma, ta taga direba ke shiga. Kamfanoni uku ne ke fafatawa: Chevrolet da Ford da Toyota.

Alhaji_Garba_Columbus
Na daɗe ina karanta zauren nan ban sa baki ba, amma wannan ta taɓo ni. Na zo ƙasar nan a 1994, kuma tseren NASCAR na daga cikin abubuwan da na fara kallo a talabijin ranar Lahadi lokacin da ban san kowa ba. Ɗana na Greensboro, muhawarar da ka buɗe ta girme ka a wannan wasa.

A watan Agustan 1999 a filin Bristol na jihar Tennessee, wanda shi ma gajere ne amma kwanoninsa a tsaye suke kamar kwano, Dale Earnhardt ya daki Terry Labonte a zagayen ƙarshe, ya juya shi, ya ci tseren. Mutumin da jama'a ke ƙauna kamar me, amma a daren nan ihun tsana suka yi masa har ana ji a talabijin. Shekara biyu kafin nan, a filin dai, Jeff Gordon ya zunguri Rusty Wallace a zagayen ƙarshe ya wuce, Wallace ya ƙare na biyu da motarsa lafiya, kuma har yau ana nuna wannan a matsayin gwaninta. Kun ga 'yan kallon ma suna bambancewa tsakanin gusar da mutum da kuma hallaka masa mota.

Abin da nake so ku lura da shi shi ne, a da direbobi su ke yi wa junansu hukunci. Idan ka juya ni yau, na san za mu haɗu a Richmond ko mu dawo Martinsville, kuma ba zan manta ba. Tsoron ramuwa shi ne linzamin. A 2015 Joey Logano ya juya Matt Kenseth a Kansas, bayan mako biyu a Martinsville Kenseth, wanda aka riga aka bari a baya da zagaye da yawa, ya jira Logano yana jagoranci ya kai shi katanga. An dakatar da Kenseth tsere biyu. Ban yaba abin da ya yi ba, ramuwar gayya ce, amma duk wanda ya kalli wannan rana ya fahimci dalilin da ya sa tsofaffin direbobi ke tauna tsakuwa kafin su taɓa wani. A ranar ce kuma Jeff Gordon ya ci tserensa na ƙarshe, na 93, dab da faɗuwar rana, lokacin filin bai da fitilu tukuna.

Abba_F1
Baba Alhaji, da girmamawa, abin da ka kwatanta shi ne ya fi ba ni tsoro. Wasan da tsarinsa ya dogara da ramuwa tsakanin mutane masu tuƙa ƙarfe mai nauyin tan ɗaya da rabi, ai hukumar ta sauke nauyin da ke kanta ne ta ɗora wa direbobi.

Ummu_Khalil_Charlotte
Ina tare da Abba a wannan gaɓar. Sau da yawa ana cewa a gajeren fili gudu kaɗan ne, don haka babu haɗari. A Martinsville ɗin nan Richie Evans, zakaran wani rukunin ƙananan motoci na NASCAR, ya rasu a lokacin atisaye a watan Oktoban 1985. Gaskiya ne bayan rasuwar Earnhardt a Daytona a 2001 an tilasta abin tallafe wuya da kai, an kuma sa katanga mai shanye ƙarfin karo, kuma tun daga lokacin ba a sake rasa rai a babban rukunin ba. Amma a 2022 Kurt Busch ya bugi katanga da bayan mota a Pocono ya samu girgizar ƙwaƙwalwa, kuma daga nan bai sake komawa tseren ba. Na kai 'ya'yana biyu Martinsville bara, ƙaramin yana da shekara takwas, kuma abin da ya fi burge shi shi ne lokacin da motoci suka yi karo jama'a suka miƙe suna sowa. A hanyar komawa gida sai da na zauna da shi na tuna masa cewa mutum ne a cikin kowace motar, mai uwa da 'ya'ya.

Zango_Kumasi
Ni a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Direbobin suna yin abin da tsarin gasar ya koya musu ne. Daga 2014 zuwa 2025 nasara ɗaya ce ta kasance tikitin shiga zagayen fitar da gwani, sannan tseren Martinsville na kaka, daga 2020 zuwa 2025, shi ne ya kasance ƙofar ƙarshe kafin a zaɓi mutum huɗu da za su nemi kambu. Idan ka ce wa mutum zuwa na biyu da zuwa na ashirin duk ɗaya ne a wurinsa yau, me kake tsammani zai yi a kwanar ƙarshe? A 2018 Logano ya zunguri Martin Truex Jr. a zagayen ƙarshe a Martinsville ya ci, nasarar ta kai shi wasan ƙarshe, ya kuma ɗauki kambun shekarar. Duk yaron da ke tasowa ya ga wannan ya koyi darasi.

Ɗan_Maraɗi_Greensboro
Na gode ƙwarai. Bayanin Hajiya Sadiya ya sa na koma na tuna abin da na gani ranar Lahadi da wani ido. Akwai wasu motoci biyu a tsakiyar jeri da na zuba wa ido kusan zagaye ashirin. Na bayan yana zuwa dab da na gaban a kowace kwana har ba ka ganin haske tsakaninsu, ya ɗan taɓa shi, ya janye, ya sake zuwa. Abokina ya ba ni abin sauraro na kunne da ake jin maganar direba da mutanensa, na ji mai hangen da ke tsaye a saman rumfa yana faɗa wa direban gaba cewa na bayansa ya fi shi sauri kuma haƙurinsa ya kusa ƙarewa. Bayan zagaye biyu sai na gaban ya buɗe masa hanya da kansa. A lokacin ban gane ba, yanzu na ga kamar sallama ce ake yi kafin a shiga gida. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba game da zagayen ƙarshe, inda babu lokacin sallama kuma wanda aka gusar ba shi da kwana ta gaba da zai rama.

Bakanike_Ƙofar_Ruwa
Akwai wanda ba a ambata ba a duk maganar nan, shi ne bakaniken da zai kwana yana gyara. Direbobin da, irin su Richard Petty wanda ya ci Martinsville sau 15, sun taso ne a gareji, sun san awa nawa ake ɗauka kafin a miƙe ƙashin mota da ya lanƙwashe. Smith da Gray dukansu shekararsu 20 a lokacin da abin ya faru. Ban san zuciyar kowa ba, amma a nan garejinmu na sha ganin bambanci tsakanin direban da ya sayi mota da guminsa da yaron da aka miƙa wa makulli. Na farkon yana jin ƙarar ƙafar mota tun kafin ta lalace.

Hauwa_Damagaram
Tunda an zo maganar zagayen ƙarshe, ina so a ce wani abu game da Ross Chastain. Ni ta bidiyonsa na san akwai wani wuri wai shi Martinsville. A ina za ku ajiye abin da ya yi, tunda shi bai daki kowa ba?

Alhaji_Garba_Columbus
'Yata Hauwa, wannan ranar 30 ga Oktoba 2022 ce. Chastain, ɗan gidan manoman kankana daga jihar Florida, yana na goma a zagayen ƙarshe kuma yana bukatar maki biyu don ya shiga cikin huɗun ƙarshe. Maimakon ya taka birki a kwana ta uku, sai ya sa giya ta biyar, ya jingina gefen motarsa da katangar waje, ya danne totur har ƙasa, katangar ta zagaya da shi. Ya tsallaka layin ƙarshe a na biyar, daga baya aka mayar da shi na huɗu, ya yi zagayen cikin daƙiƙa 18.845, saurin da motar wannan rukuni ba ta taɓa yi a filin ba, ya kuma fitar da Denny Hamlin. Na miƙe tsaye a falona ban san na miƙe ba. Amma da hankali ya dawo, na yarda da hukumar da ta hana yin haka daga 2023. Akwai ƙofa a jikin katangar wajen kwana ta huɗu, kuma da wani abu ya kama motar ko wani ƙarfe ya tsinke ya yi cikin 'yan kallo, da labarin ya zama na makoki.

Zango_Kumasi
Kuma ku duba abin da ya biyo baya a Nuwamban 2024, a filin dai. Christopher Bell ya goga katanga a zagayen ƙarshe, aka hukunta shi, William Byron ya samu gurbin shiga cikin huɗun ƙarshe. Bayan kwana biyu aka ci tarar ƙungiyoyi uku, ciki har da ta Chastain da ta Bubba Wallace, bisa zargin sun sarrafa sakamako don taimaka wa motocin kamfaninsu, wasu sun ƙi wuce Byron, wani ya rage gudu don Bell ya wuce. A wurina wannan ya fi zungurin bamba muni nesa ba kusa ba. Wanda ya zungure ka aƙalla nasara yake nema wa kansa a gaban idon kowa.

Injiniya_Sadiya
Akwai wani ɓangare na fasaha da ya ƙara dagula lamarin. Sabuwar motar da aka kawo a 2022 tana da faffaɗan taya a kan wili mai inci 18, da manyan birki, da giya biyar. Kowa kuma daga masu kawo kaya iri ɗaya yake sayen sassan motar, don haka saurinsu ya yi kusa ƙwarai. A da idan direba ya yi kuskure a tsakiyar kwana, injinsa yana nauyi wajen fita sai na baya ya cim masa. Yanzu sai ya sauke giya ɗaya ya gyara kuskurensa. Motar kuma ta kafu a ƙasa sosai, ɗan zunguri mai laushi ba ya gusar da ita, sai an dake ta da ƙarfi. Wato dabarar da Alhaji ya ce ana yaba wa Gordon a kanta ta yi wuya a babban rukuni.

Hanyar gyara da na fi gamsuwa da ita ita ce ta taya. A Maris 2024 a Bristol tayoyi suka riƙa cinyewa cikin zagaye arba'in zuwa hamsin, aka canja jagora sau 54, kuma waɗanda suka iya lallaɓa taya ne suka zo gaba, Hamlin ya ci. Idan taya tana gajiya, mai haƙuri yana wuce mai gaggawa ba tare da ya taɓa shi ba. Sai dai a lura, motar Xfinity da Smith ke tuƙawa ba wannan sabuwar ba ce, don haka ba za a ɗora wa mota laifin ranar Asabar ba.

Musa_Tudun_Wada
Tambaya ɗaya kuma. Na ga hoton Hamlin tsaye kusa da wani dogon agogo na katako. Shi ne kofin?

Ummu_Khalil_Charlotte
Shi ne, Malam Musa. Tun 1964 ake bai wa wanda ya ci babban tseren Martinsville dogon agogo mai tsayuwa a ƙasa, domin yankin ya shahara da sana'ar kayan katako, kuma Fred Lorenzen ne ya fara karɓa. H. Clay Earles ne ya gina filin a 1947, da farko na ƙasa ne kafin a zuba kwalta a 1955, kuma shi kaɗai ne filin da bai taɓa fita daga jadawalin babban rukuni ba tun 1949. Nasarar Hamlin ta Maris 2025 ita ce ta shida a can, bayan shekara goma yana nema, kuma shi ɗan Virginia ne.

Akwai wani tarihi da nake so ɗan'uwanmu na Greensboro ya sani tunda yana kusa. Garin Danville, gabas da Martinsville kaɗan, shi ne mahaifar Wendell Scott, baƙar fata na farko da ya ci tsere a babban rukuni, a Jacksonville a Disamban 1963. A ranar wani aka fara bayyanawa a matsayin wanda ya yi nasara, sai daga baya aka gyara, kuma bai karɓi kofinsa a gaban jama'a ba. Shi ne direban motarsa, shi ne bakanikenta, 'ya'yansa ne masu canja masa taya. Mutum irin wannan idan aka juya masa mota da gangan, abincin gidansa aka taɓa. Bayan shekara hamsin, a Oktoban 2013, Bubba Wallace ya ci tseren a-kori-kura a Martinsville, ya zama baƙar fata na farko da ya ci tseren NASCAR na matakin ƙasa tun bayan Scott. Wallace ɗin ne ya zo na uku a ranar Lahadin da ka je.

Abba_F1
Labarin Scott ya ƙara mini ƙarfi a kan ra'ayina. Dokar da ba a rubuta ba kullum mai ƙarfi take yi wa aiki. Direban babbar ƙungiya zai iya rasa mota yau a kawo masa wata gobe, ƙaramin kuwa ba zai ma iya ramawa ba domin ba shi da motar da zai sadaukar. Tsoron ramuwar da Baba Alhaji ya ambata yana aiki ne tsakanin tsara da tsara kawai.

Alhaji_Garba_Columbus
Wannan magana taka tana da nauyi, Abba, kuma ban taɓa kallon abin ta nan ba. Amma ka sani idan aka ce alƙalai su yanke hukunci a kan kowace gogayya, to za a gama tsere mutane su zauna jiran sanarwa kafin su san wanda ya ci. Mutanen da ke cika Martinsville, masu zuwa da motocin kwana tun ranar Alhamis suna kafa sansani a kan tuddan da ke kewaye, sun zo ne su ga an raba gardama a kan kwalta. Ni dai na fi son a bar zungurin, a tsananta hukunci a kan irin na Smith. A ganina ma maki 50 sun yi kaɗan, da an zaunar da shi tsere ɗaya a gida da saƙon ya fi isa.

Hauwa_Damagaram
To amma wa zai tantance? Hajiya Sadiya ta ce ma'aunin shi ne ko direba zai iya shan kwanar da kansa. Idon mutum zai iya gane wannan a cikin daƙiƙa ɗaya?

Injiniya_Sadiya
A babban rukuni ba ido kaɗai ake dogara da shi ba. Motocin suna aika bayanan totur da birki da sitiyari, kuma hukumar tana duba su tare da maganganun rediyo kafin ta yanke hukunci, shi ya sa sau da yawa sai ranar Talata ko Laraba ake sanarwa. Za a iya ganin inda direba ya saba ɗaga ƙafa a zagaye ɗari da suka wuce, a kwatanta da inda ya ɗaga a zagayen da ake magana. Abin da na'ura ba za ta nuna ba shi ne ko ya yi niyyar gusarwa ne hannunsa ya zarce, ko tun farko juyawa ya nufa.

Ɗan_Maraɗi_Greensboro
Na sauko daga inda na fara, amma ban iso inda Alhaji yake ba. Na yarda taɓawar tsakiyar tsere, wadda ake yi da gargaɗi kuma mutum ya ci gaba da tafiyarsa, tana cikin wasan. Ta zagayen ƙarshe har yanzu ina ganin ƙwace ce, ko da motar ba ta juya ba, domin Gray ya yi aikin da ya kai shi gaba kuma ba a wuce shi da sauri ba. Na tuna ranar Asabar ɗin, ana tafe da tarkacen motoci a kan masu janwe, ni kuma ina tsaye a bayan rumfa da dabino uku da gorar ruwa ina jiran lokacin shan ruwa, wani dattijo Ba'amurke mai hular ƙungiyar da Smith ke tuƙa wa ya tsaya kusa da ni yana girgiza kai, ya ce shekara arba'in yana zuwa filin nan kuma yau ya ji kunya.

Ina da niyyar komawa tseren kaka in Allah ya kai mu, wanda shi ne mai zagaye 500. Hajiya Ummu Khalil, wane ɓangare kuka zauna da yaran? Mu mun zauna a miƙaƙƙiyar hanyar gaba, kuma ina so wannan karon in samu wurin da zan ga shigar kwana ta uku sosai.

Ummu_Khalil_Charlotte
Mun zauna a saman rumfar da ke tsakanin kwana ta uku da ta huɗu. Ka nemi layukan sama, domin a na ƙasa shingen waya yana tare ido kuma ƙurar ta fi yawa. Daga can za ka ga hancin kowace mota yana dukawa lokacin da aka taka birki, ka kuma ga wanda ya makara. Ka tafi da abin toshe kunne na kowa da kowa da rigar sanyi, domin ƙarshen Oktoba da zarar rana ta faɗa bayan tudu wurin yana yin sanyi sosai, kuma ka shirya zama a mota kusan awa ɗaya kafin ka fita daga wurin ajiye motoci zuwa kan 220.